Rafin da Donal Ya Auna

Kilderrig, 3 ga Maris

Ɗana Malachy,

Ina gaishe ka da gaisuwar uwa mai kewa. Yaya jikinka, yaya Aoife da yara, yaya zafin Ostireliya? Mu nan ruwa ne kullum, gwiwar babanka kuma sai a hankali.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙungiyar ƙauyenmu ta hurling, wasanmu na sanda da ƙwallo, tana gargara. Kwamitin gunduma ya aiko cewa idan ba mu fito da 'yan wasa goma sha biyar a wasan farko na gasa ba, za a haɗe mu da ƙungiyar maƙwabtanmu Rathmoyne, a ɗauki sunansu da jar rigarsu. Rathmoyne fa, Malachy! Mun ƙirga har da Mossie mai gidan giya, wanda tumbinsa ke riga shi shiga fili, mutum goma sha huɗu muka samu. Duk kun watse duniya kun bar mu da shanu.

Na san ba za ka iya zuwa ba, ban kuma roƙe ka ba. Idonmu yana kan Cormac ɗan yayarka. Ya cika ashirin, kuma in ya ɗaga sanda sai ka rantse babanka ne yana saurayi.

Mahaifiyarka,
Nuala

19 ga Maris

Ɗana Malachy,

Da fatan kuna lafiya, tarin ƙaramar kuma ya lafa.

An hana mu Cormac. Ka san doka, kowa yankin cocin da aka haife shi yake yi wa wasa, gidan yayarka kuwa yana tsallaken rafi da taku arba'in. Abin da ba mu taɓa gaya muku ba shi ne wanda ya mai da rafin nan iyaka. Babanka ne.

A 1974 Rathmoyne suka doke mu a wasan ƙarshe. Babanka Donal, yana kyaftin, ya ɗauki igiyar awo da tsohuwar taswira, ya kai ƙara cewa mai tsaron gidansu, Jer Tuohy, a gefenmu na rafi aka haife shi. Aka ƙwace kofin aka ba mu. Shekarar nan ɗaya da ka tashi kana gani rubuce da ruwan zinariya a allon ɗakin taro, da kake taɓawa kafin kowane wasa, da igiya aka ciwo ta.

Jiya na tura shi a keken guragu har gaban kwamiti. Shugaban kwamitin kuwa ɗan Jer Tuohy ne. Babanka ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi wa mutumin Rathmoyne ba, ya ce, “Yaro, ni na yi ɓarnar nan. Ku goge shekarar, ku kai kofin kabarin ubanka, ku bar mana jikana.”

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya buɗe aljihun tebur ya zaro takardar ƙarar da babanka ya rubuta da hannunsa, ya karanta masa har ƙarshe. Sannan ya ce, “Baba Donal, kai ka ce rafi ne iyaka. Shekara hamsin muna yi maka biyayya, yau kuma sai mu saɓa maka?”

Na turo babanka muka kamo hanyar gida. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni faɗa.

Mahaifiyarka,
Nuala

7 ga Afrilu

Ɗana abin ƙaunata,

Ina gaishe ku duka. Kada ka tambayi lafiyarmu.

Ran Lahadi mutanenmu goma sha huɗu suka fito cikin korayen riguna. Alƙalin wasa ya jira minti goma sha biyar yana kallon agogo, yana kallon hanya, kamar wani zai sauko daga mota. Cormac yana jingine da shinge da sandarsa a hannu. Mossie ya yi masa tsawa, “Kai, je ka gida mana, kana ƙara mana ciwo!” Bai motsa ba. Aka busa usur, kowa ya kama hanya, ba wanda ya taɓa ƙwallo.

Za a kwashe allon zuwa ɗakin Rathmoyne. Sun ce za su rataye shi da mutunci, da shekararmu a jiki, ba za su goge ba. Babanka ya ce gara su goge.

Ya daina cin abinci sosai. Ya sa na ware masa rigarsa mai lamba shida, wadda za a shimfiɗa a kan akwatin gawarsa. Ya tambaye ni su wa za su jeru su ɗaga masa sanduna a ƙofar coci, yadda ake yi wa kowane ɗan wasa. Na ce Cormac zai tsaya a gaba. Ya ce, “Da wace riga?” Na tashi na shiga kicin.

Shekara arba'in da ɗaya ina wanke wa ƙungiyar nan riguna duk Litinin. Da safen nan Mossie ya kawo su a buhu kamar kullum, na zuba a ruwa, na shanya. Sai da na zo kwashewa na tuna ba wadda ta yi datti.

Ka kira babanka, amma kada ka yi masa zancen wasa.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Nuala