Ina Ta Gaishe Ki a Wayar da Ba Kowa

Zuwa ga ƙawata kuma yayata, Ya Fanna ta Zabarmari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin rahama, makwancinki da yalwa da haske.

Na san ko kina raye ba za ki karanta ba. Na ƙarar da ƙuruciyata wajen koya wa 'ya'yan mutane karatu, ke kaɗai kika gagare ni, kika ce boko tonon kaji ne, ba ki da lokacinsa. Duk da haka zan rubuta, kuma a fili zan ajiye shi inda kowa zai gani, tunda abin da aka yi mini a ɓoye aka yi shi.

Kin rasu tun kafin azumi. Ni Saude ban sani ba sai bayan babbar sallah. A tsakanin nan 'ya'yanki suna zaune da cewa an gaya mini, na ji, na ƙi zuwa. Wannan ne ya tsaya mini a rai ya ƙi wucewa.

Bari in fara miki daga abin da ya tona asirin.

Kin san yadda kunnuwana suka mutu a hankali bayan na yi ritaya, har ta kai sai an kafa mini baki a kunne ana ihu, ko in bi leɓen mai magana in yi ta canka. To, bayan sallah ɗana Mustafa ya kai ni asibiti, aka gwada ni, aka ba ni na'urar ji guda biyu, 'yan mitsi-mitsi, ana maƙala su a bayan kunne. Shi ya yi ɗawainiyar, ba zan danne masa wannan ba. Da kina nan da kin ce tsohuwa ta yi sabbin 'yan kunne, za ta koma neman miji.

Wallahi na tsane su. Duniyar da na bari ba ita na dawo na tarar ba. In na sa loma ina jin taunar bakina, har abinci ya fita raina. Hijabi in ya goga, sai ka ce ana jan buhu a kan siminti a tsakiyar kaina. In ɗankwali ya rufe su sai su kama fito, jikoki suna ta dariya. Jirgin da ke tashi a nan bayanmu a Gomari, da a ƙirji kawai nake jin sa, yanzu sai na dafa bango. Ga janaretan maƙwabta, ga hon ɗin keke. Kowace alwala sai na cire su na nemi busasshen wuri, zafin garin nan kuma ya sa gumi ya yi ta jiƙa su, in ba wuta a bi gidan mai sola ana roƙon caji. Mafi muni, na ji muryata. Ashe shekara da shekaru ihu nake yi wa mutane, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini.

Yarinyar asibitin ta ce in yi haƙuri, kai ne zai saba. Sannan ta ce ana iya haɗa su da waya, muryar mai kira ta shigo kunne kai tsaye. Nan take na ce ashe zan ji Fanna. Na ga fuskar Mustafa ta canza, na ɗauka gajiya ce.

Ya Fanna, kin tuna lokacin da aka turo ni makarantar garinku, ina amarya, dangina duk suna can Haɗeja? Ke kika fara leƙo ni da kwanon shinkafa kina cewa wushe, wushe, sannunku ta Barebari, da Hausarki da ba ta san mace da namiji ba. Har muka tsufa "kai" kike ce mini. Da naƙudar Mustafa ta tashi, ke kika riƙe ni. Ke kika fara yi masa wanka a duniya, ke kika yi ta dafa mini ruwan jego kina mita wai Hausawa ba mu da ƙwarin baya.

Kin tuna ranar da muka wanke tsohuwar maƙwabciyarku mu biyu, bayan kin kori matan da suka shigo suna hira a kanta? Muna wanke hannu kika ce in kin riga ni, ni zan wanke ki, don hannuna ba ya gaggawa kuma bakina ba ya yawo. Na ce in na riga ki fa? Kika ce ai ba zan riga ki ba, masu faɗa ba sa mutuwa da wuri.

Da kunnena ya tafi, ke ba kya rubutu, ni ba na ji, sai zumuncinmu ya koma hannun Mustafa. Duk Juma'a in ya dawo masallaci ya kira ki a wayata, ku gaisa, ya miƙo mini in zuba miki nawa labarin, ya karɓa ya saurari naki, ya faɗa mini a kunne. Ta ce tana gaishe ki. Ta ce ƙafar ce ke damun ta. Ta ce bana ruwa ya yi. Haka muke yi, kuma haka aka ci gaba da yi, azumi ya zo ya wuce, ƙaramar sallah, babbar sallah. In na ce a kai ni in gan ki sai ya ce hanya ba lafiya, a bari ta lafa.

Bayan an sa mini na'urar, in na kara waya a kunne sai ta kama fito, shi kuma ya ce in cire, a yi yadda aka saba. Zancen haɗawa kuwa kullum sai gobe. Yau wayata ba ta ɗauka, gobe ba shi da lokaci. Da na gaji, ranar wata Alhamis na shiga keke mai ƙafa uku ni kaɗai na tafi unguwar Moduganari, shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai gyaran waya, wanda na koyar da 'ya'yansa. Kafin in gama gyara zama a benci ya haɗa. Ya kira ni da tasa wayar don gwaji, muryarsa ta fito a tsakiyar kaina, saura kaɗan in jefar da wayar. Ya yi dariya ya ce, Malama, ba aljani ba ne, ni ne.

A kan bencin nan na kira lambarki. Na ji tana ringi, abin da na manta yadda yake. Aka ɗauka, na ce, Fanna, ni ce, yau da kunnena zan ji ki. Har numfashin wadda ta ɗauka ina ji. Can sai 'yarki Yagana ta ce, Malama, sai yau kika tuna da ita?

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ta jera mini. Kin kwanta jinya 'yan kwanaki, kin bar wasiyya ni zan wanke ki. Da kika cika suka kira wannan wayar tawa, Mustafa ya ɗauka, ya ce Mama ta ji, amma ba za ta samu zuwa ba. Ba su yarda ba, suka ajiye ki suna duban hanya har rana ta yi zafi, maza suka fara magana, sannan maƙwabta suka shiga suka yi. Zaman makoki ya ƙare ban zo ba, ban aiko ba. Ta ce Allah ya ba kowa haƙuri, ta kashe wayar.

Ban san yadda na dawo gida ba. Ban ce wa kowa komai ba.

Washegari Juma'a ce. Ya dawo masallaci da farar rigarsa yana ƙamshin turare, na ce kira mini Fanna. Ya nuna mini kunne, wai in cire. Na sa hannu a cikin hijabi na sosa, na bar su a inda suke. Bai san an haɗa ba. Da ya kira da gaske, da ringin ya shigo kaina. Ba abin da ya shigo. Ina kallon ɗan da na haifa ya kara waya a kunne yana cewa, ina wuni, Ya Fanna, ya ƙafar, to madalla, ga ta nan. Har da 'yar dariya. Matarsa tana bakin madafi ta ce ƙasa-ƙasa, kai dai ka ji tsoron Allah, har yaushe za a yi wannan? Ya ce mata, yi shiru.

Ya Fanna, sai ya miƙo mini. Na karɓi wayar na ajiye a tabarma, na ce, Mustafa, wa ya wanke ta?

Nan ido ya raina fata. Ya durƙusa yana rantsuwa wai likita ya ce jinina ya hau, kada a tayar mini da hankali. Wai ya so ya gaya mini bayan kwana biyu, kwana biyu ya zama mako, daga nan kunya ta hana shi. Wai tsoron ya rasa ni yake yi. Na yarda yana tsoro. Amma don kada in mutu sai a binne ni da raina? An yanke mini abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba, ni da na binne miji da iyaye ina tsaye da ƙafafuna. Kurma ce ni, ba yarinya ba, ba kuma mahaukaciya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai in na tuna shi ne surutun da na yi ta yi. Na ba wayar da ba kowa labarin haihuwar jikata. Na yi mata barka da shan ruwa. Na yi mata tsiya wai ta manta da ni tunda ta ƙi zuwa sallah. Har shinkafa ya sayo a kasuwa ya ce ke kika aiko. Na tsinci tsakuwa a ciki, Juma'ar nan na ce hannunki ya fara tsufa, Fanna, ki daina turarawa ki bar wa yara. Gida guda suna tsaye suna kallo ina dariya ni kaɗai. Maƙwabta ma sun sani. Yanzu na gane dalilin wannan sannu-sannun da aka yi ta yi mini ana karkata kai. Tir da tausayi irin wannan.

Ku masu karantawa da kuke da tsoho ko kurma a gida, ba zan yi muku wa'azi ba. Ku dai sani ranar da ya gane, ba mutuwar kaɗai zai yi kuka a kanta ba.

Na ce masa ba rantsuwa nake so ba, mota nake so. Zai kai ni Zabarmari, kuma abin da ya faɗa mini zai maimaita shi a gaban 'ya'yanki da bakinsa. Hanyar da aka ce ba lafiya, lafiya lau muka bi ta.

Na tarar da garwar da kike turara shinkafa a kife a gefen zaure. Yagana ta shimfiɗa mana tabarma a ƙofar ɗakinki, ta kawo ruwa, ta gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Na yi ta'aziyyata, wadda ta makara da watanni. Yayyenta maza suka amsa ba tare da sun dube ni ba. Sannan Mustafa ya yi magana. Bai rage komai ba, har da shinkafar. Da ya gama ina jin kaji suna tono a bayan ɗaki, na ce a raina in ba su yarda ba shi ke nan, da wannan zan je kabari.

Babban ya ce sun ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya, suka tashi da Mustafa suka fita waje. Aka bar ni da Yagana. Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Sannan ta ce akwai maganar da ta riƙe don haushi, ba ta gaya mini a waya ba. A hankali ta yi maganar, kanta a ƙasa, ko leɓenta ba na gani, kuma ba sai da wani ya maimaita mini ba. Ta ce ranar da kika bar wasiyya kin ƙara da cewa, in kun kira Saude ba ta zo ba, to ba a gaya mata ba ne, kada wanda ya riƙe ta.

Ta ce su ne ba su yarda ba, sun ɗauka zafin ciwo ne. Ta kifa kanta a cinyata, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun kafin azumi.

Ya Fanna, kina kwance kina fama da numfashi, amma sai da kika tsaya kika wanke ni, ni da ban zo na wanke ki ba.

Mustafa kuwa, ina amsa gaisuwarsa, ina cin abincin gidansa, amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Na san me za ki ce, ɗanki ne, ke kika yanke masa cibi. Ina roƙon Allah ya sassauta mini zuciya a kansa. Wayata dai ba mai ƙara ɗaukar mini ita.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya saka wa matan da suka tsaya a inda ya kamata in tsaya, ya sa sun yi miki a hankali. Allah ya raya abin da kika bari, ya ba ni ikon riƙe Yagana yadda kika riƙe ni. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa fuskokinmu a inda za mu yi hira ba mai tsayawa a tsakani. Amin.

Taki har gobe kiyama,
Saude, daga Gomari.