Gilashin Koriyar Motar Baba

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar da aka ce min tana kumbura? Allah ya sawwaƙe. Tela maƙwabcina ne ke rubuta min wannan, don ka san kai Baba ya kai makaranta, ni gareji ya kai ni. Na gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya shafa wa maganata mai.

Shekara arba'in da uku ke nan ina ɗauke da laifin da ba nawa ba. Ka san inda na dosa: gilashin gaban koriyar motar Baba, mai kujera biyu, wadda sai mutum ya durƙusa kamar mai neman gafara kafin ya shiga. Wata biyar Baba yana jiran sabon gilashi bayan dutse ya fasa na farko. Ranar sa shi, ina ciki ina jan igiya, kana waje kana dannawa. Muna kaiwa kusurwar ƙasa ta dama ya ce ƙas, ya tsage har sama. Baba ya ce fizgar igiya na yi, wai hannuna na fasa dutse ne. Kana tsaye, ko uffan ba ka ce ba. Ni kuwa ko da ban gani ba, na san dunƙule hannu ka yi ka buga.

Daga ranar na sa gilashi a bas da tirela da ƙananan motoci har na bar ƙirgawa, ko ɗaya bai tsage a hannuna ba. Amma har Baba ya bar duniya bai sake bari na taɓa motarsa ba. Tana nan a rumfar gidana cikin tampol, da tsagaggen gilashin yadda ya sa aka ƙarasa sa shi.

To, 'yata Nas ta samo irinsa a wurin masu sayen tsofaffin ƙarfe, lafiyayye, har da robarsa. Mai wurin ya ce babu na biyu, an daina yin su tun kafin a haife shi. Yana kan katifata, ni na koma tabarma. Likita ya ce yanar idona ta nuna, ƙarshen wata za a yi min aiki, kuma ya ƙi yi min alkawarin komai. Ina so in sa gilashin nan da ɗan ganin da ya rage min. Ka zo ranar Asabar ka tsaya inda ka tsaya a da.

Ka gai da maiɗakinka da yara.

Yayanka,
Mai Gilashi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, ban da bayana da tabarma ta ƙage.

Kai na kira, ka turo min ɗanka Injiniya. Ya zo hannu a aljihu, ya zagaya mota sau biyu, ya ce a kai ta wajen masu liƙa gilashi da gam, wai na tsufa da wannan aiki. Na tambaye shi ko ya san me igiya ke yi a aikin gilashi. Bai sani ba. Na ce masa roba ake fara sa wa gilashi, a cusa igiya cikin ramin robar, a shafa ruwan sabulu, a ɗora daga waje. Na ciki ya riƙa jan igiya a hankali, leɓen roba yana hawa bakin ƙarfe, na waje yana bin sa da tafin hannu a buɗe. Na ce ya je ya tambayi ubansa yadda ake yi da dunƙulallen hannu. Ya tafi ransa a ɓace. Ban hana shi ba.

Yanzu ka nutsu ka karanta. Jiya da hantsi na yanke tsohuwar roba, ni da Tela muka sauke tsagaggen gilashin. Na bi bakin ƙarfen da yatsa kamar yadda nake yi wa kowace mota. Ina kaiwa kusurwar ƙasa ta dama wani abu ya soke ni har jini. Ban yarda da idona ba, na sa Tela ya sa tabarau ya duba. Tsinin ƙusa ne, irin wadda ake ɗaurawa da sukundireba. Daga ciki aka ɗaura ta don ta riƙe murfin dashbod, ta yi tsawo, ta huda ƙarfe ta leƙo daidai inda bakin gilashi ke zama. Ga hujinta a tsohuwar roba. Ko wa ya ja igiya, ko wa ya danna, gilashin nan sai ya fashe.

Na zauna a kan taya. Sai na tuna ana sauran 'yan kwanaki gilashi ya iso, murfin dashbod ya riƙa ƙara, Baba ya gyara shi da hannunsa. Ni ina gareji. Kai kana gida hutun makaranta, kai ke riƙe masa gwangwanin ƙusoshi. Ranar aikin kuma da na miƙa hannu zan bi bakin ƙarfe, Baba ya ce in bari, ya riga ya duba.

Na kwance ƙusar, na goge wurin da magagari, na shafa fenti. Tana aljihuna. Asabar ta wuce, amma akwai wata Asabar. Yanzu ba dannawa kawai nake nema a wajenka ba.

Yayanka,
Mai Gilashi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar ƙafa, don haka aka koya mana. Na ce Tela ya rubuta wata kalma a nan, ya ajiye biro ya ce shi ba da hannunsa ba. To, ka cike da kanka.

Na jira ka har rana ta karkata. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai na miƙe. Da na ga haske zai ƙwace min, na ce wa Nas ta tuɓe zobenta da agogo ta wanke hannu. Ta ce tsoro take ji, in ya fashe ba za ta iya kallon fuskata ba. Na ce mata in ya fashe ni na fasa, kuma zan faɗa a gaban kowa.

Na jiƙa roba a ruwan ɗumi, na cusa igiya, Nas da Tela suka ɗora gilashi. Na rarrafa na shiga, gwiwata tana dukan sitiyari. Auta, leɓen robar nan ban gan shi ba, duhu-duhu kawai nake gani. Da yatsa na riƙa bin sa. Sabulu na sa igiya zamewa, sai na naɗe ta a hannu har ta ci min fata. Ta cikin gilashi ina hango inuwar tafin Nas tana biye da ni. Muka wuce hagu lafiya. Da muka zo kusurwar dama igiya ta cije. Na ja, ta ƙi. Na san in na saki roba za ta koma, in na fizga shi ke nan. Na ce ta danna kaɗan, kamar tana taɓa goshin mara lafiya. Na riƙa juya igiyar a hankali. Sai na ji ƙas.

Ban iya ɗaga kai ba. Tela ya yi salati. Na daɗe a haka kafin Nas ta ce min leɓen roba ne ya faɗa wurinsa. Ban yarda ba sai da na shafa kusurwar da hannuna. Sumul. Muka hau gefe, muka rufe sama, igiya ta zubo a cinyata. Gilashi ya zauna ko gezau.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ina zaune a kujerar Baba sai na ga babu wanda zan nuna wa. Shi ya tafi. Kai kuma ban je ɗaurin aurenka ba, ban je sunan 'ya'yanka ba, da ka kwanta asibiti aike na yi, duk a kan dunƙulen hannun da ashe ba ka yi ba. Nas ta ce in ba ka haƙuri. Ban ce ba zan bayar ba. Amma ba zan ba da haƙuri a makance ba, sai na san wa nake ba.

Don abu biyu ne. Ko ka ga Baba ya ɗaura doguwar ƙusa, ka gane, ka rufa masa asiri ka bar ni da kaya. Ko kuwa kai ma ba ka sani ba, ka ɗauka kai ka fasa, shi ya sa shekara arba'in da uku ba ka iya haɗa ido da ni. In na farkon ne, kai za ka zo. In na biyun ne, ni zan zo, ko da Nas za ta ja ni da sanda.

Ranar Talata da safe za su shigar da ni ɗakin aiki. Kada ka turo Injiniya, kada ka turo gaisuwa. Kai mai ilimi ne, layi ɗaya ba zai gagare ka ba. Ka san da ƙusar nan ko ba ka sani ba? Ka ba ni amsa, Auta.

Yayanka,
Mai Gilashi