An Ba Sabi'u Sunan Mai Tsumma

Daren Asabar, Birnin Kudu

Yau ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta ba ƙanena Sabi'u sunan wasan marigayi babanmu, Mai Tsumma. Ni da na girma ina bin Baba dandali-dandali har Gwaram, ni aka sa na yafa masa rigar.

Shugabanmu Malam Idi ya ce, "Haƙuri, Lawan. Har a Japan ɗa ke gadon sunan wasa."

Na ce, "Muryar fa, ita ma gadonta ake yi?"

Sabi'u ya yi wasa, ba wanda ya yi dariya. Da aka tashi ya ce, "Yaya, gobe ka koya mini tafiyar Baba." Na ce to. Haushin wannan "to" ɗin ya hana ni cin tuwo.