Kalmar da Na Faɗa wa Likitan Kawu

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Malam da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Kawu Sule.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya. Kwana uku kafin rasuwarsa, ni na raka shi wajen likita a nan Deptford, a ƙasar Turawa. Ya ce, "Zainabu, gaya masa ƙirjina yana damuna." Na ce wa likitan, "His chest is disturbing him," yadda muke faɗa a gida. Sai ya hau tambayar ko Kawu yana kewar gida. Muka dawo a bas, yana dafe da ƙirji.

Jiya na buɗe ƙamus na duba kalmar "disturb". Wai katse mutum, hana shi sakat, tayar da hankali, hargitsa abu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, Yaya, babu ciwo a ciki.

Na san kwana ne ya ƙare, amma muryarsa ta ƙi barin kunnena.

Ki gaida Inna, kada ki karanta mata wannan. Ki sa ni a addu'a. Abin yana damuna, kuma ciwo nake nufi.

Ƙanwarki,
Zainabu