Gadon Masu Gudu

Dakar, 9 ga Maris, 1963

Zuwa ga yayana Ɗantala, a Tibiri.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna, ina Shatu da yara? Allah shi sa gero ya kai ku damina.

Ni lahiya lau nike, sai dai gwiwa. Na faɗi wurin tsere watan jiya, bayan na ciyo ma lakwal ɗin nan, makarantarmu, kofi biyu. Ka san don gudu suka ɗauke mini kuɗin kwana da abinci. Da likita ya ce in huta wata huɗu, darakta ya kira ni ya ce, "Jatau, gadon nan na masu gudu ne." Yana magana, kofunan suna bayansa, an goge su sai sheƙi.

Yanzu a shagon wani mai goro nike kwana. Na saida takalman gudu na biya kuɗin jarrabawa. Sau ɗaya nike cin abinci a rana, kuma yana isata.

Don Allah kada ka taɓa saniyar Inna saboda ni. In ta tambaya, ka ce mata har yanzu ni ke zuwa na ɗaya.

Ƙanenka,
Jatau