Layin da Ban Karanta wa Baba Ba

Kwanyawa, Karaye,
12 ga Afrilu, 1993.

Zuwa ga Kawu Lukumanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Goggo Lauratu da yara. Yaya aiki, yaya zafin Kano? Inna tana gaishe ka, ko da yake ba ta san na rubuto ba.

Kawu, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Takarda uku na yaga kafin wannan. Amma a danginmu kai kaɗai ne ke aikin banki, ban san wanda zan tambaya ba in ba kai ba.

Bara bayan kaka, Alhaji Ɗanmaliki, dillalin gyaɗa na kasuwar Rogo, ya zo wa Baba da maganar wani asusu a Kano, inda jama'a ke tara kuɗi masana su juya musu. Ka san Baba ba ya ajiya a banki saboda kuɗin ruwa. Sai Alhaji ya ce ai wannan ba ajiya ba ce, kiwo ne. Yadda ake ba makiyayi shanu ya bi ciyawa da su, haka masu asusun ke kaɗa kuɗi zuwa inda riba take, ko ruwan banki ya hau ko ya sauka. Baba ya sayar da bijiman huɗarsa biyu ya zuba, da niyyar kafin damina ya ciro ya sayi huɗu.

Ranar da za a dangwala hannu, ni aka kira zaure in karanta takardar, don da Turanci take. Baba ya ce wa baƙi, “Ga 'yar sakandarenmu nan, ba mai cin mu da boko a gidan nan.” Aka yi dariya. Na durƙusa ina karantawa ina fassarawa. Can ƙasa akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe, cewa idan kuɗin ruwa ya sauya, abin da mutum ya zuba yana iya raguwa, kuma ba mai biyan sa.

Na gani, Kawu. Na kuma fahimta sarai. Amma ga Alhaji zaune da furfurarsa, bai daɗe da gama rantsuwa cewa babu asara ba. Ta yaya zan buɗe baki in ƙaryata sa'an ubana a zauren ubana? Na ninke takardar na ce shi ke nan, da nufin in baƙi sun tafi in gaya wa Baba. Kafin su tashi ya dangwala.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga asusun. Ruwan banki ya hau, darajar takardun bashin gwamnati da masu asusun suka saya tun da farko ta faɗi, ga shanu sun yi tsada. Abin da ya rage ko bijimi ɗaya ba zai saya ba. Da na karanta wa Baba, murmushi ya yi, wai ko a ruga shanu na ramewa da rani su murmure da damina.

Don Allah Kawu, akwai hanyar da za a dawo da kuɗin nan kafin shuka, ba tare da Baba ya san abin da na yi ba?

Taka 'ya,
Zaituna Gwadabe.

Kwanyawa,
9 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga Kawu Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan zazzaɓin Goggo ya sauka. Amsarka ta same ni, na gode. Ka ce babu hanya, kuma in faɗa wa Baba gaskiya da bakina. Kullum sai in kai har ƙofar turakarsa in juyo. Na makara.

Ruwan fari ya sauka ranar Litinin. Washegari Baba ya shiga motar Kano, ya ce kiwo ya isa haka, za shi ya karɓo abinsa. Har igiya sabuwa ya tafi da ita, don ya biya ta kara, kasuwar shanu, a hanyar dawowa. Inna ta ce a ofishin ya nemi a nuna masa inda dukiyarsa take ya gani da idonsa, kamar yadda ake yi a ruga. Akawun ya ɗauko takardar da ya dangwala, ya ɗora masa biro a kan layin nan.

Da la'asar ya dawo, igiyar na naɗe a hannunsa. Ya kira ni, ya shimfiɗa takardar a kan buzu, ya sa yatsa a wurin, ya ce, “Zaituna, wannan yana nan ranar da kika karanta?” Na ce yana nan. Ya ce, “Kin gan shi?” Na ce na gani. Sai ya ce, “To. Tashi ki je.”

Bai yi faɗa ba, bai daina amsa gaisuwata ba. Garmar shanu tana jingine a bayan rumbu. Bana da hannu zai yi huɗa, da ciwon bayansa.

Jiya takardar sakamakon jarrabawata ta iso daga makaranta. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na goge hannu na miƙe in karɓa kamar kullum. Baba ya wuce ni, ya sa ta a aljihu, ya tafi wurin Malam Barau na firamare ya karanta masa. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, Kawu. A bakin matar Malam Barau na ji.

Jibi zan koma makaranta. Idan ba zan dame ka ba, ka ba ni izini in riƙa rubuto maka daga can, ko ba ka amsa ba. A nan gida ba na jin za a sake miƙo mini takarda.

Ka huta lafiya.

Taka 'ya,
Zaituna Gwadabe.