Gyare a Kunnen Irmiya

Tungal Jibo, ƙasal Geceme
Nuwamba 1963

Zuwa ga matata Odil,

Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki. Ina lahiyakki, ina lahiyal ɗiyammu Jarmen, ina gajiyal daka? Ki gaida inna da mutanen cocinmu na Misiyo duka. In kin tambayi tawa lahiya, ni garau ni ke awa ingarma, sai kewakku. In kin ga wani baƙi ya kwanta cikin takardag ga ki tashe shi, ke kika koya min rubutu, laihinki ne.

Albishirinki. Mijinki ya hwasa dutsi! Rijiyag ga da gwamnati ta kawo mu mu gina, ni da abokin aikina Rabo, mun yi ta tahiya cikin rairai lahiya lau har munka ishe wani baƙin dutsi, dagi na bugu shina tsalle. Sai shef, shugaban aikinmu, ya kawo nakiya daga Doso. Yac ce kowa shi gudu gindin gawo shi toshe kunne. Kowa ya gudu, har maigari da rawaninai a hannu. Ni Irmiya? Ni da aka kira Kunnen Arewa tun daga Dutsi har Kore Mairuwa? Kin san mu magina sai mun ji ƙaƙa dutsi ya amsa, in akwai ruwa ƙasanai muryatai daban ce. Sai nik kwanta bakin ramin, na kanga kunnena na dama.

Odil, ƙasa ta ɗaga ni ta aje. Na tashi jajur da ƙura awa aljani, mata na ta guɗa, Rabo na ta zagina har da kakannina. Amma na ji, akwai ruwa. Na hwaɗa musu, za su gani.

Sai ɗan abu guda, ba wani abu ba ne. Tun rannan wani gyare ya shiga kunnen nan shina kuka, tsiiii, ba ya hutawa ko shan ruwa. Na sa tsinke, na zuba man shanu mai ɗumi, ya ƙi hita. Baƙo ne maras kunya, za shi gaji shi tahi.

Ki aiko min da yaji ta hannun Buba mai kamyo, direban motal kayan nan, miyal garin ga ruwa ce da ganye.

Ni ne mijinki, zakin magina,
Irmiya

Tungal Jibo
Disamba 1963

Odil tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Jarmen da inna, da hwatan kuna lahiya awa yadda nib bar ku. Yaji ya iso, Rabo ya cinye rabi, yac ce Allah shi ba ki aljanna ko da ta Kiristoci ce.

Baƙon nan bai tahi ba. Ya ma kira danginai. Yanzu ba gyare ɗai ba ne, wani loto awa radiyon maigari in ya ɓata tasha, shhhh. In mutane na hira ina mantawa da shi. In gari ya yi shiru sai shi cika min kai.

Kowa da nashi sani. Na tahi dispansar, likita ya leƙa da toci yac ce ba kowa ciki. Ya tambaye ni mi nis sha, nic ce kinin, don masassara ta kada ni bayan kaka, kuma ni ba na shan magani awa jariri, biyu biyu ni ka haɗiyewa. Ya riƙe kai. Yac ce ko kinin ne ko nakiya, in kinin ne za shi wuce, in nakiya ce sai haƙuri. Nic ce to wanne ne, yac ce shi ba boka ba ne.

Wata tsohuwa kuwa, Kubra, 'yal bori ce, tac ce ba ɗaya cikinsu. Wai dutsin nan mazaunin Doguwa ne, mun hwasa mata ɗaki ba mu yanka baƙal akuya ba, shi ya sa ta shiga kunnena tana kai ƙara, sai an yi min girka. Nic ce inna, in Doguwa ce to magana guda ta iya, ku sa ta lakkwal ta yi karatu ta koyo wata. Anka yi ta dariya, ita ba ta yi ba. Ni dai na yi addu'ata. Amma Rabo ya tahi a ɓoye ya yanka akuyatai can bakin ramin. Ban hana shi ba, kar ki gaya ma Mompe, limamin cocinmu.

Bari in hwaɗa miki abin da ke cina, tun da ban taɓa ba ki labarin aikin ga sosai ba, sai na ƙarya. In ɗaya ya sauka, ɗaya na kwance bakin rijiya, kunne ƙasa. Masu jan igiya ƙarhi ɗai gare su, na kwancen shi ne rai. Rairai ba ya zubowa sai ya yi sallama, shina wani ɗan shhh a bango, na ƙasa ba ya ji don shina bugu. Na sama ka ji, shi ce ja, a hiddo mutum. Ni da Rabo tun muna samari munka dahwa igiya munka yi rantsuwa, shi da Alƙur'ani ni da Linjila, ba mai sauka sai ɗan'uwanai na sama.

To Odil, sallamal rairai da abin kunnena murya guda gare su.

Ban gaya ma kowa ba, amma Rabo ba yaro ba ne. Ya lura ina juya mai hagu in shina magana. Nic ce mu kira Usman, babban masu igiya, shi kwanta madadina. Yac ce kunnena guda ya hi na Usman da na uban Usman, in na sake wagga magana shi hwasa min na hagun. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Ki sa ni cikin addu'al lahadi, amma kar ki hwaɗi dalili.

Naki,
Irmiya

Tungal Jibo
Janairu 1964

Odil,

Ina gaisuwa, ina lahiyal gida. Kar ki tsorata da abin da za ki ji ga bakin mutanen kasuwa, ba wanda ya mutu.

Mun wuce dutsin mun koma cikin rairai mai laushi, wanda siminti bai kai gare shi ba tukuna. Rabo na ƙasa ina kwance. Na ji shhh, na yi kuwwa ja, anka hiddo shi da gudu har gwiwatai ta goge. Ba komi, bango lahiya lau. Anka yi dariya, nic ce ina gwada ƙarhin masu igiya ne, na ga sun yi ƙiba. Washegari haka kuma. Wannan karo dariyal ba ta yi daɗi ba, na ji wani na cewa Kunnen Arewa ya zama kunnen jaki. Shef ya dube ni ya dubi agogo.

Ran talata da hantsi na sake ji. Shhh. Nic ce ma raina, kai Irmiya, gyarenka ne, kar ka sake ba da kanka. Na yi shiru. Bakina a buɗe Odil, kalmal na kan harshena, na haɗiye ta.

Ba gyare ba ne.

Ƙura ta taso ta buge min huska. Ban san sa'ad da nik kama igiya nis sauka ba, tahin hannuna duk ya saɓule. Na ishe shi rairai ya kai mai ga wuya, ido ɗai ka motsi. Da hannu nit tona, ina kiran Yesu ina kiran sunan uwatai. Mun hito da shi. Haƙarƙari ya karye, ƙahwa ta gurɗe, mai ɗori yac ce za shi tashi kahin damana.

Kin san abin da mutumin ga yac ce da ya samu numhwashi? Wai in bar kuka awa amarya, na ɓata mai suna gaban ƙauyawa. Wai da ya warke za shi koma ƙasa, kuma ni ne sama, rantsuwa rantsuwa ce. Na sani ba wasa shi kai ba. Rabo in ya kahe ko raƙumi ba ya jan shi.

Na zamna bayan ɗaki ina tambayal abin nan na kunnena, kai wane ne? In kinin ne mi kaka jira? In Doguwa ce an ba ki akuya. In nakiya ce, to ni nik kai kaina. Kukanai ɗai shi kai.

Ba ni da wasa yau, ki yi haƙuri.

Irmiya

Tungal Jibo
Janairu 1964

Zuwa ga Odil, uwal Jarmen,

Gaisuwa da bege. Ina hwatan ke da ɗiya da inna kuna lahiya. Rabo da sauƙi, ya hwara cin tuwo da zagin mutane.

An samu ruwa. Usman ya sauka, ƙanenai ya kwanta sama. Ruwa hwari tas, daidai inda nic ce. Ko ba komi wannan ba su iya ƙwace min.

Jiya na tara maigari da shef da masu igiya ƙohwal ɗakin da Rabo ke kwance, don shi ji da kunnenai. Ni da ban taɓa buɗe baki gaban jama'a ba sai don in yabi kaina, nic ce jama'a ku shaida, kunnena ya mutu, na ji rairai na yi shiru don ban gane shi ba. Nic ce na kwance ma Rabo rantsuwa, duniya da lahira, shi nemi wani. Kuma ko ya ƙi, ba za shi same ni ba, don na bar rijiya. Ba wanda ya yi dariya. Na tsaya ina jira ko wani shi yi, ba wanda ya yi.

Na shiga na miƙa mai hannu. Ya juya huska ga bango. Na ga bakinai na motsi, amma kunnen dama nij juya mai, ban ji ba, kuma ban iya cewa shi sake ba. Na bar mai dagina gindin gado.

Ina tahe ran kasuwal Dutsi cikin kamyon Buba. Ban san mi zan yi ba, ƙila gonal inna, gero dai ba ya bukatal a saurare shi. Baƙon nan tare mu ke tahe, ki shimhiɗa tabarma ta mutum biyu.

Abu guda ni ka roƙo. In kin zo tasha kar ki kira ni daga baya. Akwai hayaniya, ba zan ji ba, kuma ba na son ki tsaya cikin mutane kina kiran mijinki shina tahiyatai. Ki zagayo ta gabana in gan ki.

Ni ne mijinki,
Irmiya